A Ɗinke Ɓarakar Fim ko a Bar Ta Haka? Muhawara Daga Unguwar Murabba

Wanda ya bi ta unguwar Murabba a birnin Riyad yau, abin da zai fara cika masa ido shi ne fadar ƙasa da Sarki Abdul'aziz ya sa aka fara ginawa a 1936, ya tare a cikinta a 1938, sai kuma Gidan Tarihi na Ƙasa da aka buɗe a gefenta a 1999. Dattawan garin kuwa da wani abu dabam suke tuna unguwar. A shekarun 1960 da 1970 a nan lungun silima yake, inda shaguna ke ba da hayar majigi da faifan fim, mutum ya ɗauka ya kai tsakar gida, a kafa farin ƙyalle, a kalli fina-finan Masar da na wasu ƙasashe. Bayan mamayar da Juhaiman da mutanensa suka yi wa Harami a 1979 iska ta juya, aka rufe wuraren kallo a faɗin ƙasar. Sai ranar 18 ga Afrilu 2018 aka sake buɗe gidan silima a Riyad, da fim ɗin Black Panther.

Ba a ɗau lokaci ba matasan ƙasar suka fara fitar da nasu. A 2023 fina-finai biyu na cakwakiya, irin masu sa zuciya dukan uku-uku, suka je bikin fina-finai na Toronto daga Saudiyya. Ɗaya shi ne Mandoob na Ali Kalthami, labarin Fahad, wanda aka kora daga aiki ya koma kai saƙo cikin dare a titunan Riyad, ga mahaifi ba lafiya, har ya kai ga satar kwalayen giya daga hannun masu sayar da ita a ɓoye. Ɗayan shi ne Naga na Meshal Aljaser, labarin Sara, wadda ta saci jiki zuwa wani biki a sahara, dole ta dawo kafin lokacin da mahaifinta ya gindaya mata, ga kuma taguwa mai neman fansa a bayanta.

Da dawowar silima tsohuwar gardama ta dawo, wadda duk Bahaushen da ya taɓa fitowa daga Plaza ko Orion ko Marhaba a Kano ya san ta. Ana fitowa wani zai ce, "Ta yaya aka yi bos ya san inda suka ɓuya? Wannan ai rainin hankali ne." Abokinsa ya ce, "Kai ma dai, fim ne fa." Hausawan da ke zaune a Riyad, ɗalibai da ma'aikata da waɗanda aka haifa a can, suna yin ta a kan fim ɗin Larabawa, su koma kan wayarsu su yi ta a kan Labarina ko Izzar So. Tambayar dai ɗaya ce: idan labari ya saɓa wa kansa, wani ya san abin da ba shi da hanyar sani, ko aka warware ƙullin awa biyu da abin da ya faɗo daga sama, shin wajibi ne a gyara, ko kuwa masu ƙorafin ne ba su iya kallo ba?

Masu cewa a bar fim yadda yake ba su rasa manya a bayansu ba. Babbansu shi ne Alfred Hitchcock, wanda har yau da wuya a nuna wanda ya fi shi iya ɗaure mai kallo. A hirar da ya yi da François Truffaut, wadda aka buga a 1966, bai ɓoye ƙosawarsa da masu auna kowane fim da ma'aunin yiwuwa ba. A wurinsa aikin darakta shi ne ya riƙe numfashin mai kallo daga farko zuwa ƙarshe. Idan akwai giɓin da ba za a lura da shi ba sai an koma gida an buɗe firji ana neman abin taɓawa, to fim ya riga ya gama aikinsa. A Vertigo na 1958 akwai inda matar da ake bi ta shiga wani otal, aka gan ta a taga, sannan mai otal ta ce ba ta zo ba, motarta ma ta ɓace. Ba a taɓa bayanin yadda aka yi ba, kuma hakan bai hana a riƙa lissafa fim ɗin cikin mafiya kyau da aka taɓa yi ba.

Akwai wanda ya fi wannan. Lokacin da Howard Hawks yake ɗaukar The Big Sleep, wanda ya fito a 1946 da Humphrey Bogart, sai ma'aikatan suka tsaya a kan tambaya: wa ya kashe direban nan da aka tsamo gawarsa cikin mota daga teku? Aka aika wa Raymond Chandler, marubucin littafin, ya ce shi ma bai sani ba. Kisan kai guda a fim ɗin binciken kisa, ba a san mai shi ba, amma kusan shekara 80 ana kallonsa ana jin daɗi. Masu wannan ra'ayi suna cewa abin da ke zama a zuciya shi ne fuska, da murya, da tsoro, da duhun titi, ba lissafin wa ya shiga ta wace ƙofa ba.

Suna kuma da hujja daga gida. Mu mutanen tatsuniya ne. Gizo ya shiga cikin giwa ya yanki nama ya fito, babu yaron da ya taɓa tsayar da kakarsa ya ce ta ina ya yi numfashi. Mai tatsuniya da kanta takan rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, kowa ya watse yana dariya. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun 1934, cike yake da abin da hankali ba zai ɗauka ba, kuma ba wanda ya nemi a gyara shi. Naga ma a wannan layin yake. Tun da wuri fim ɗin ya nuna Sara ta sha abin da ya jirkita mata gani, kyamara tana juyawa sama da ƙasa, don haka wanda ya zauna yana lissafin nisan sahara da gudun raƙumi ya shiga ɗakin da ba nasa ba. Balarabe da Bahaushe duk sun yarda raƙumi yana da riƙo. A kan wannan yardar aka gina fim ɗin, kuma ta ishe shi.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce wadda ta fi nauyi a wurinmu, kuma ba na son a raina ta. Suna cewa rayuwa da kanta ba ta bin tsarin marubuci. Mutum yakan haɗu da wanda ya rabu da shi shekara 20 a tashar da bai yi niyyar tsayawa ba. Azzalumi yakan faɗi matacce ana gobe zai aikata ta'asa. Musulmi ya yi imani Allah yana kawo mafita ta inda ba a zato. To don me za a ce fim ya yi ƙarya idan ya nuna haka?

Ɗaya ɓangaren sun fara ne daga wani bambanci da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar. Fim ɗin cakwakiya ba tatsuniya ba ne, ba kuma fim ɗin soyayya ba. Mai tatsuniya ba ta ce ka yi lissafi ba. Mai fim ɗin bincike kuwa shi ya kira ka da kansa: ya nuna maka agogo, ya nuna maka makulli a kan tebur, ya tsayar da kyamara a kan tabon da ke hannun riga, yana nufin ka lura, ka haɗa, ka yi zargi. Daɗin kallon duka yana cikin wannan haɗawar. Idan ka yi awa biyu kana tattara alamu, sannan a minti biyar na ƙarshe aka ce mai kisan tagwai ne na wani da ba a taɓa ambata ba, to an sa ka aiki an hana ka lada. Wanda ya ce an raina masa hankali gaskiya ya faɗa, domin hankalin nasa aka aro tun farko.

Aristotle, wanda ɓangarorin biyu ke ja, ya fi shekara 2,300 da yin maganar. Ya yarda abin da ba zai yiwu ba amma ya gamsar ya fi abin da zai yiwu amma bai gamsar ba, kuma masu cewa a bar fim suna riƙe da wannan. Amma shi ɗin dai ya ce warwarar labari dole ta fito daga cikin labarin, ya soki wasannin Girka da ake sauko da abin bauta da ƙugiya daga saman dandali ya raba gardama. Ƙugiyar nan ba ta mutu ba. A fina-finanmu takan zo da rigar ɗan sanda da ya iso daidai lokacin da aka ɗaga wuƙa ba tare da wani ya kira shi ba, ko da hatsarin mota da ya kwantar da mugu a gadon asibiti ya tona asirin kansa kafin rai ya yi halinsa, ko da mai aikin gida da ta laɓe ta ji komai tun kashi na uku amma ta yi shiru har kashi na arba'in.

A kan hujjar ƙaddara kuwa, amsar da ta fi gamsar da ni tana cikin abin da muka taso da shi tun makarantar allo. Ba ina haɗa Littafin Allah da aikin 'yan fim ba ne, Allah ya tsare. Ina nufin kunnen da muke sauraron labari da shi a kan ƙissar Annabi Yusuf aka hore shi, kuma a cikinta ƙaddara tana tafiya ne a kan sababi. Mafarkin da aka buɗe da shi, shi ne ya tabbata a ƙarshe. Riga ta fito sau uku, kowane da aikinta: da jinin ƙarya, da yaga ta baya, da dawo da ganin mahaifi. Malaman tafsiri sun kawo cewa Annabi Yakubu ya lura rigar ɗansa ta jiƙe da jini amma ba ta yage ba, wane irin kyarkeci ne zai ci yaro ya bar rigarsa lafiya? Wato ɓarakar da ke cikin labarin 'yan'uwan ita ta tona su. Mai shaida a gidan Azizu shi ma daga inda rigar ta yage ya gano mai gaskiya. Mutanen da suka haddace wannan tun suna yara ba za a ce musu neman daidaito a labari baƙon abu ne da aka kwaso daga Turai ba. Marubucin da ya rasa yadda zai fitar da jaruminsa daga rami ya jefo hatsari ya ce ƙaddara ce, ya jingina kasalarsa ne ga abin da ya fi ƙarfin a jingina masa kasala.

Sannan yadda ake kallo ya canza. A lungun silima na Murabba, ko a Plaza, fim sau ɗaya yake wucewa. Faifan da ya sha hannu yakan tsinke a liƙa shi, wani yanki ya tafi, mai kallo ya cike giɓin da kansa ko ya tambayi na kusa da shi. Dabarar Hitchcock ta firji a kan wannan ta dogara: kafin ka gano, ka bar wurin. Yau fim yana cikin tafin hannu. Ana tsayar da shi, a mayar baya, a ɗauki hoton wurin a tura wa abokai. Shiri mai dogon zango kuwa mako guda cur yake ba mutane su tattauna kowane kashi a majalisa da shagon ɗinki da wurin mai shayi. Giɓin da a da sai an je gida, yanzu kafin a gama rubutun ƙarshe an gano shi.

Garin da ake ba da labarinsa shi ma ya canza. Mai rubuta fim ɗin laifi a Riyad ta yau yana rubutu ne a garin da kyamarorin Sahir ke kan manyan tituna, kuma wayar ɗan kai saƙo tana nuna inda yake a kowane lokaci. Mai kallo a garin ya san wannan, ya san cunkoson titin Sarki Fahad, ya san tsawon lokacin da ake ɗauka daga tsakiyar gari zuwa unguwannin arewa. A Kano ma haka: wanda aka sace a fim yana da waya, an tura kuɗin fansa ta asusu mai suna da lamba. Idan marubuci ya yi kamar waɗannan babu su, ɗan garin ne zai fara fita daga labarin, alhali don shi aka yi.

A nan ya kamata a raba abu biyu da masu ƙorafi ke yawan haɗawa. Wautar ɗan wasa daban, wautar marubuci daban. Wani zai ce babu mai hankalin da zai saci kayan 'yan fasa-ƙwauri ya zaci zai kwana lafiya, don haka Mandoob ya yi ƙarya. Ban yarda ba. An nuna mana Fahad mutum ne mai girman kai da saurin fushi, wanda kunyar talauci ke ci, ga jinyar uba. Irin wannan mutumin yana aikata abin da mai hankali ba zai aikata ba, kuma kowa ya san irinsa a unguwarsu. Wannan hali ne, kuma fim mai kyau a kansa yake tafiya. Ɓaraka ita ce a nuna maka mutum mai taka-tsantsan tsawon fim, sannan ya bar ƙofa a buɗe a daren da marubuci yake bukatar a shigo.

Wanda yake son ganin ladan rubutu mai tsari ya duba Drishyam. Jeethu Joseph ya yi shi da harshen Malayalam a 2013, aka sake shi da Hindi a 2015 da Ajay Devgn da Tabu, kuma Hausawa da dama sun kalle shi. Mutumin da bai wuce aji huɗu ba, mai sana'ar haɗa wa mutane tashoshin talabijin, ya kare iyalinsa bayan 'yarsa ta kashe ɗan shugabar 'yan sanda da ya zo ci musu mutunci. Ya tara tikitin mota da rasit ɗin gidan abinci, ya dasa wa shaidu kwanan wata a ka ta hanyar maimaita musu labari. A ƙarshe muka gane gawar tana ƙarƙashin sabon ofishin 'yan sanda. Abin da ya sa wannan ƙarshen ya zauna shi ne tun farko an nuna mana ana ginin ofishin, an nuna mana mutumin yana mu'amala da mai ginin. Mun gani, ba mu lura ba. Mamakin da ke sa mutum ya ce "ai kuwa an nuna" shi ne abin da ake biyan kuɗi dominsa.

Zuwa nan za a ga kamar masu neman gyara sun yi nasara. Amma akwai tambayar da ba su cika tsayawa a kanta ba, kuma ita ce ta hana ni bin su ido rufe: wa zai yi gyaran, kuma don wa?

Tarihin fim cike yake da ƙarshen da aka gyara ya lalace. A Suspicion na 1941 Hitchcock ya kwashe fim ɗin yana nuna mana miji, Cary Grant, yana shirin kashe matarsa, har da kofin madarar nan da aka sa wa fitila a ciki don ya yi haske a kan matakala. A littafin da aka ɗauko labarin, mijin makashi ne. Amma kamfani ba ya son tauraronsa ya fito a makashi, sai fim ya ƙare da cewa duk zargin matar ne. Ƙarshen da mutane ke kira marar kan gado, shi kansa gyara ne. A Fatal Attraction na 1987, asalin ƙarshen shi ne Alex ta kashe kanta da wuƙar da ke ɗauke da zanen yatsun Dan, magidancin da ya yi mu'amala da ita a ɓoye, aka kama shi. Masu kallon gwaji ba su so ba, suna son a hukunta ta a gabansu. Aka koma aka sake ɗauka: ta shigo banɗaki da wuƙa, aka nutsar da ita, ta sake tasowa, matar gida ta harbe ta. Glenn Close, wadda ta fito a Alex, ta yi tirjiya, tana cewa matar da ta gina mai ciwon rai ce da za ta cutar da kanta, ba dodo ba. Fim ɗin ya kawo sama da dala miliyan 300. Kasuwa ta gamsu, amma an toshe ƙorafin masu kallo da ɓarakar da ta fi ta farko zurfi, domin an karya halin mutum. A Janairun 2022 kuma manhajar Tencent a Sin ta nuna Fight Club an yanke ƙarshensa, aka sa rubutu cewa 'yan sanda sun kama kowa. Da surutu ya yi yawa aka mayar da shi. Garin neman gira ake rasa ido.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mai fim a Kano yana aiki ne a ƙarƙashin Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, da idon malamai, da idon iyaye, kuma na Saudiyya ma yana da nasa masu dubawa. Kowa ya san ana son mugu ya ga sakayya. Ni ma ina so. Ba na cikin masu ganin fim sai ya bar azzalumi yana dariya sannan ya cika fasaha. Amma sakayyar da aka liƙo a minti na ƙarshe ba ta koyar da komai, domin yaron da ke kallo ya ga mugu ya ci duniya kashi talatin da dabararsa, sannan tirela ta buge shi. Darasin da zai ɗauka shi ne dabara tana aiki, a dai kiyayi titi. Idan kuwa ƙaryar da mugun ya yi a kashi na biyu ita ce ta naɗe shi a kashi na talatin, an nuna ramin ƙarya ƙurarre ne ba tare da wani ya tsaya ya yi wa'azi ba. Tarbiyya da tsari a nan hanyarsu ɗaya.

Ko gyaran da marubuci ya yi da kansa bayan fim ya fita yana da haɗari. Drishyam na biyu, na Malayalam a 2021 da na Hindi a 2022, ya dawo ya amsa tambayar da mutane suka daɗe suna yi: idan wani ya gan shi a daren fa? Aka kawo mai shaida, aka haƙo ƙasusuwa, sai ga shi ba na yaron ba ne, domin jarumin ya shekara da shekaru yana abota da mai haƙa kabari da mai gadin wurin gwaji har ya musanya su. Fim ne mai daɗi, amma masu kallo da yawa sun fito suna tambayar yadda za a bar shaidar kisa irin wannan a inda mutum ɗaya zai kai gare ta cikin dare. An rufe ƙofa ɗaya, wata ta buɗe.

To ina na tsaya? Fadar Murabba ginin ƙasa ce da itace a rufinta, irin wanda maginin Kano ko Zariya zai gane da kallo ɗaya. Magini ya san tsagar da ke kan yaɓe, wadda za a iya bari har bayan damina, ya kuma san tsagar da ke bangon da ke ɗauke da azara. Direban The Big Sleep tsagar yaɓe ce, domin ƙarshen fim ɗin bai hau kansa ba. Haka motar asibitin Die Hard na 1988, wadda ta fito daga cikin babbar motar 'yan fashin alhali da suka iso an ga cikinta babu ita. Irin waɗannan a bar su, kuma masu farautarsu don nuna wayo suna hana kansu daɗin kallo ne kawai. Amma duk giɓin da ƙarshen labari ya hau kansa, wanda in ka cire shi jarumi ba zai tsira ba ko mugu ba zai kamu ba, wannan ba a yi masa uzuri da "fim ne". Kuma lokacin gyaransa shi ne yana kan takarda.

A nan ne matsalarmu ta gaskiya take, kuma ta kuɗi ce kafin ta zama ta basira. Hausawa suna son cakwakiya. Karɓuwar Basaja da Gwaska na Adam A. Zango, da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, ta nuna haka. Amma tun da kasuwar faifai ta rushe aka koma YouTube, shiri yana rayuwa ne da fitowa kowane mako. Sau da yawa ana shiga lokeshan ba a rubuta ƙarshe ba, in shiri ya karɓu a ja shi, in ya ja a ƙaro mutane da asirai da ba a san yadda za a warware su ba. Marubuci, wanda komai ya hau kansa, ba shi ne ake fara warewa kaso mai tsoka ba. Furodusan da ke Zoo Road a Kano da zai biya marubuci ya zauna ya gama kashi na ƙarshe kafin a ɗauki na farko, sannan ya ba ma'aikaciyar jinya da lauya da tsohon ɗan sanda su karanta su ce "wannan ba haka ake yi ba", zai kashe abin da bai kai asarar sake ɗauka ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Matasan Riyad suna da kuɗin da mu ba mu da shi, amma wannan matakin ba ya bukatar kuɗin Riyad.

Fim ɗin da ya riga ya fita kuwa, a bar shi da tabonsa. In akwai wani ƙarshen da aka ɗauka, a fitar da shi a gefe, kamar yadda daga baya aka fitar da asalin ƙarshen Fatal Attraction, mutane su gani su auna.

Akwai wuri ɗaya da duk wannan shiri ba ya hana ɓaraka, shi ne idan ɗan wasa ya bar shiri ana tsaka da shi. Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, ya gamu da wannan har sau biyu a kan manyan 'yan wasansa: Nuhu Abdullahi mai fitowa a Mahmud ya tafi, Nafisat Abdullahi mai fitowa a Sumayya ita ma ta tafi, aka kawo Fati Washa ta ci gaba da zama Sumayya. Darakta a irin wannan hali hanya biyu gare shi. Ko ya karkatar da labari ya kawar da mutumin da mutuwa ko tafiya, ko ya canza fuska ya bar labari a kan hanyarsa. Mutane sun fi yin surutu a kan canza fuska, domin ido ke fara gani. Amma a fim ɗin cakwakiya ita na fi goyon baya. Sabuwar fuska mai kallo zai saba da ita bayan 'yan makonni. Mutumin da aka cire daga tsakiyar ƙulli kuwa yana tafiya ne da duk alamun da aka dasa a kansa, da sirrin da shi kaɗai ya sani, da alƙawarin da aka yi wa mai kallo tun zangon farko, kuma sai marubuci ya ƙirƙiro sababbin dalilai da ba a shuka su ba don cike wurinsa. Sanarwa ta layi ɗaya a farkon kashi, cewa daga yau wance ce za ta riƙa fitowa a wance, ta wadatar.